Wata Biyar Ba Gishiri

A watan Agusta na shekarar 2019 na je birnin Lima na ƙasar Peru domin halartar wani taro na masu binciken magungunan da ake samu daga tsirrai, wanda shi ne fannin da nake koyarwa. Da aka tashi daga taron, wani abokin aiki ɗan ƙasar, wanda muka daɗe muna musayar wasiƙu, ya ce idan da gaske ina son in ga ilimin tsirrai a hannun masu shi, to in ajiye takardu in biyo shi garinsu, Pukalpa. Mun baro Lima cikin hazo da sanyi, jirgi ya tsallaka da mu duwatsun Andis, kuma cikin kamar awa ɗaya muka sauka a ƙasa mai zafi da gumi, inda riga take manne wa mutum a baya tun kafin ya ɗauki jakarsa. Pukalpa gari ne na 'yan katako da masunta a bakin kogin Ukayali, wanda yake haɗuwa da kogin Maranyon can arewa su zama Amazon. Baburan haya masu ƙafa uku sun cika tituna, har na ɗan ji kamar a Kano nake cikin 'yan adaidaita sahu.

Ba mu daɗe a garin ba. Washegari muka nufi tafkin Yarinakoca, wanda tsohuwar hanyar kogin ce da ruwa ya yanke ya bari, muka shiga wani dogon kwalekwale mai inji da suke kira peke-peke saboda ƙarar da injin yake yi. Ya kai mu wani ƙauye na mutanen Shipibo-Konibo, al'ummar da masu jin harshenta ba su wuce dubu talatin da ɗoriya ba, amma sunanta ya zaga duniya saboda masu maganinta. A harshensu ana kiran mai magani onanya, wato wanda ya sani. Wadda muka sauka a gidanta tsohuwa ce da ta haura saba'in, gajera, mai baƙin gashi da aka yanke daidai goshi, sanye da zane mai ɗinkin layuka masu sarƙaƙiya. Abokina yana kiranta Maestra, wato malama da Sifaniyanci, ni ma na bi sahunsa, ita kuwa tun ranar farko ta laƙaba mini Dokta. Shi ne ya zama tafintana a kwanaki taran da na yi a gidan.

Akwai ɗabi'ar da ban taɓa bari ba idan zan yi doguwar tafiya, ita ce ɗaukar kwalbar yajin ƙuli da maiɗakina take daka mini. A cin abincin rana na farko aka kawo kifi da shinkafa, na fito da kwalbata na barbaɗa, mutanen gida suka ɗanɗana suna dariya suna hura baki. Can gefe guda na hangi wani saurayi ramamme zaune shi kaɗai a kan kututture, gabansa akushi da dafaffiyar ɗanyar agada biyu da gasasshen kifi ƙarami, fari fat, ba miya ba mai. Tausayi ya kama ni, na tashi na miƙa masa kwalbar. Kafin in ƙarasa gare shi tsohuwar ta daka wata tsawa da ba na bukatar tafinta kafin in gane ta, saurayin kuma ya ja akushinsa baya kamar wanda aka nufo da garwashi. Kunya ta rufe ni. Daga baya abokina ya bayyana mini cewa saurayin jikanta ne kuma almajirinta, yana cikin abin da suke kira sama a harshensu, ko diyeta da Sifaniyanci, kuma ranar watansa huɗu ke nan gishiri bai taɓa harshensa ba, saura wata ɗaya. Da yajin nan ya shiga bakinsa, da wahalar wata huɗu ta tashi a banza, kuma a imaninsu ba asarar lokaci kaɗai zai yi ba, tsiron da yake bi zai juya masa baya ya sa masa ciwo ko ruɗewar hankali.

Wannan sama ita ce ƙashin bayan koyon sana'ar, kuma na daɗe ina yi wa tsohuwar tambayoyi a kanta. Almajiri yakan keɓe a wata 'yar bukka a bakin daji, ya bar gishiri da sukari da mai da barkono da giya da naman alade, ya nisanci mace, ya rage magana da mutane, wani lokaci har sabulu mai ƙamshi ba ya taɓawa. A cikin wannan hali malaminsa zai riƙa ba shi jiƙon wani tsiro guda ɗaya, ɓawonsa ko saiwarsa ko ganyensa, ya sha ya kwanta ya jira. Tsirran da ake yi wa haka suna da yawa. Na ji sunan bobinsana, wadda take fitowa a bakin ruwa da jan fure kamar gashin tsuntsu, da ciric sanango mai sa jiki rawar sanyi, da aho saca mai warin tafarnuwa. A wurinsu kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da mai shi, wani ruhi da yake zuwa wa almajirin a mafarki ya koya masa waƙa, ya nuna masa ciwon da yake warkarwa. Na tambaye ta abin da ita take koya wa jikan nata, tun da tsiro ne malami. Ta ce, "Dokta, ni mai tsaron ƙofa ce. Ina buɗe masa, ina hana abin da zai cutar da shi shiga, idan lokaci ya yi in rufe. Waƙar da zai yi magani da ita ba daga bakina za ta fito ba." Ta ce ita kanta mahaifinta ne ya fara ba ta, kuma idan aka tara watannin da ta yi ba gishiri a tsawon rayuwarta za su kai shekaru.

Saurayin, mai kimanin shekara ashirin da shida, direban babur mai ƙafa uku ne a Pukalpa kafin ya dawo ƙauye, kuma wannan ce samarsa ta uku. Ya ce mini yunwa ba ita ce ta fi wuya ba, domin ciki yana sabawa; abin da ya fi wuya shi ne zaman kaɗaici, ba waya ba rediyo, mutum da tunaninsa kawai, har ya kai yana jin saukar ganye ɗaya daga bishiya. Ya ce bayan makonni warin mutumin da ya ci soyayyen abu yana isowa hancinsa daga nesa, mafarkinsa kuma yana yin tsawo da haske har ya rasa wanne ne barci wanne ne farke. A matsayina na mai nazarin jiki ban yi mamaki ba, domin duk wanda aka rage wa abinci da gishiri da hira na tsawon watanni dole ji da ganinsa su sauya. Abin da ya ja hankalina shi ne cewa su wannan sauyin suke nema da gangan, kuma sun tsara masa hanya da dokoki da mai sa ido.

A rana ta huɗu aka dafa ayawaska, abin shan da ya sa baƙi suke tururuwa zuwa yankin. Sunan daga harshen Kecuwa ya fito, ana fassara shi da igiyar ruhi ko igiyar matattu, su Shipibo kuwa oni suke ce masa. Tun da asuba saurayin ya kawo guntayen wata itaciya mai yaɗo wadda take murɗe kamar igiyar rijiya, kaurin wasu ya kai damtsen mutum, ya kankare su, ya riƙa dukansu da kulki a kan gungume har suka tarwatse suka zama zare-zare. Ya shimfiɗa su a gindin wata ƙatuwar tukunya, ya zuba ganyen wani tsiro da ake kira cakaruna a kai, ya sake shimfiɗa itacen, ya sake zuba ganye, har tukunya ta cika, sannan ya tuttula ruwa. Tsohuwar ta kunna lofenta na baƙar taba mai ƙarfi da suke kira mapaco, ta busa hayaƙi a bakin tukunyar tana wani siririn fito. Wuta ta ci tun safe har rana ta yi sanyi, ana tsiyaye ruwan ana ƙara sabo, daga ƙarshe aka haɗa duk abin da aka tsiyaye aka ƙone shi, ruwa mai yawa ya koma abin da bai cika kwalba biyu ba, mai kauri, launin ƙasa-ƙasa kamar kunun kanwa da ya kwana.

Ina zaune a gefen murhun nan ina tunanin abin da muke koya wa ɗalibai. Sinadarin da yake kawo gane-gane, wanda ake taƙaita sunansa da DMT, a cikin ganyen cakaruna yake, amma idan mutum ya sha ganyen shi kaɗai ba abin da zai ji, domin hanji da hanta suna da wani sinadari da yake rusa shi kafin ya kai ƙwaƙwalwa. Itaciyar mai yaɗo kuwa tana ɗauke da wani sinadari mai suna harmin da danginsa, waɗanda suke dakatar da wannan mai rusawa na ɗan lokaci. Sai an haɗa su biyun abu yake tashi. Baturen Ingila masanin tsirrai Richard Spruce ya ci karo da itaciyar a shekarar 1852 a yankin kogin Wawpes na ƙasar Brazil, amma an yi fiye da shekara ɗari bayansa kafin masana su fahimci dalilin haɗin. Na tambayi tsohuwar yadda kakanninta suka gano waɗannan biyun a cikin dubban tsirran daji. Ta dube ni kamar na yi tambayar yara, ta ce tsirran ne suka faɗa.

A bayan ɗakin girki na ga wata bishiya mai manyan furanni masu siffar kakaki suna rataye kai ƙasa, gabana ya faɗi, domin na gane dangin zaƙami ce, haukata-yaro da muka sani a gida. Towe suke kiranta. Tsohuwar ta ce akwai masu jefa ganyenta a tukunya domin baƙo ya ga abin da zai sa ya ce kuɗinsa ba su tafi a banza ba, kuma ta kira wannan mugunta. Na gaya mata cewa a ƙasarmu ma an san matasan da zaƙami ya raba da hankalinsu, ta gyaɗa kai, a nan dai ba mu bukaci dogon bayani ba.

Da yamma ta tambaye ni ko zan sha. Na ce, "Maestra, ni Musulmi ne, addinina ya hana ni duk abin da zai gusar da hankali, amma idan kin yarda zan zauna in saurara." Na yi zaton ranta zai ɓaci, sai ta yi dariya ta ce a zamanin mahaifinta ma marar lafiya ba ya sha, mai magani ne yake sha domin ya ga ciwon, shi kuwa majinyaci ya kwanta a yi masa waƙa. Ta ce baƙi ne suka zo da son kowa ya sha ya gani da idonsa.

Wajen ƙarfe tara na dare muka shiga wani zagayayyen ɗaki na katako mai rufin ganye, kowa da tabarmarsa da ɗan bokiti a gefe saboda amai. Akwai wani masunci da matarsa ta kawo, wanda ya yi watanni ba ya barci tun bayan da ɗansa ya nutse a kogi, da mata biyu na ƙauyen, da abokina, da ni. Tsohuwar da jikanta ne kaɗai suka sha, kowanne ɗan ƙaramin kofi, suka yamutsa fuska, aka hure fitila. Duhun ya kai wanda mutum ba ya ganin tafin hannunsa. Kusan minti arba'in ba abin da ake ji sai kwaɗi da gyare da jan lofe, wanda jan garwashinsa yake haska haɓarta ya ɓace. Sannan na ji saurayin yana hamma mai tsawo, numfashinsa ya sauya, ya jawo bokiti ya yi amai mai ƙarfi. Jim kaɗan wata siririyar murya ta tashi, sama can kamar ta yarinya 'yar shekara goma, har na juya ina neman wadda ta shigo. Tsohuwar ce. Waƙoƙin nan ikaro ake kiransu, kuma ta matsa gaban masuncin ta zauna tana rera masa kai tsaye, tana saurin kalmomi tana sassautawa, numfashinta yana fita tamkar bugun ganga a ƙarƙashin waƙar.

Da ta ɗauki lokaci sai ta ce wa jikan ya karɓa. Ya fara da murya mai rawa, ya yi baiti kaɗan, sai ya tsaya cak, na ji haƙoransa suna haɗuwa. Ya ce, "Kaka, ya yi mini yawa." Ba ta lallashe shi ba. Ta yi masa magana gajera da kakkausar murya, wadda abokina ya raɗa mini cewa ma'anarta ita ce ya gyara zama ya kama waƙarsa, mutum yana gabansa yana jira. Ta busa masa hayaƙin taba a tsakar ka, ta ɗora muryarta a ƙarƙashin tasa kamar mai tallafar yaro yana koyon tafiya, har ya miƙe, sannan ta janye ta bar shi. Ya yi waƙa mai tsawo shi kaɗai. Can na ji masuncin yana kuka a hankali, irin kukan babban mutum da ya daɗe yana riƙewa. Ni da ban sha komai ba, sai da na riƙa jin kamar waƙar tana zagaya ɗakin alhali masu yin ta ba su motsa ba, na yi ta karanta Ayatul Kursiyyu a zuciyata har aka kunna fitila wajen ƙarfe biyu.

Da safe na sami saurayin yana wanke bokitai, domin wannan ma aikin almajiri ne, na tambaye shi abin da ya gani lokacin da ya tsaya. Ya nuna mini zanen kakarsa da aka shanya a igiya. Waɗannan layukan da matan Shipibo suke ɗinkawa a tufafi, suke zanawa a tukwane, kene ake kiransu, kuma ya ce irinsu ne suke rufe komai idan abin ya tashi, suna motsi suna haske. Ya ce a jikin mai lafiya zanen a shirye yake, a jikin masuncin kuwa ya gan shi a cukurkuɗe da wani baƙin abu kamar hayaƙi a ƙirji, kuma aikin waƙa shi ne ta warware shi zare bayan zare. Da ya matsa kusa sai baƙin ya taso masa, ɗakin ya juye, ya ga kamar ƙasa ta buɗe, ya manta sunansa balle waƙa. Ya ce gani ba wuya, duk wanda ya sha zai gani, har Baturen da ya sauka jiya. Abin da ake shekaru ana koyo shi ne mutum ya tsaya da ƙafarsa a cikin ganin, ya san wanne ne nasa tsoron wanne ne ciwon majinyaci, kuma bakinsa ya ci gaba da aiki.

Maganarsa ta mayar da ni unguwarmu ina yaro, inda wata maƙwabciyarmu ta yi doguwar jinya har aka ce sai an yi mata girka. An keɓe ta kwanaki ana ba ta jiƙe-jiƙe, ranar fita masu garaya suka zo, kuma mu yara muna leƙe ta katanga duk da an hana mu. A bori ma kowane iska da kiɗansa da kirarinsa, kuma ciwo ne yakan kai mutum ga shiga. Sai dai akwai bambanci babba. Ɗan bori doki ne, iska yakan hau shi ya yi magana da bakinsa, idan ya yi atishawa ya sauka sai a ba shi labarin abin da ya yi. Onanya kuwa ba a yarda ya bar kansa ba ko kaɗan. Ranar da ya manta abin da ya faru, ranar ya kasa aikinsa.

Gwamnatin Peru ta ayyana ilimin ayawaska na gargajiya a matsayin gadon al'adun ƙasa a shekarar 2008, haka ma zanen kene a shekarar. Amma kasuwa ta riga ta buɗe. A Pukalpa da Ikitos akwai masaukai da yawa da suke karɓar baƙi daga Amurka da Turai, a yi musu sama ta kwana goma a kan kuɗin da masunci ba ya samu a shekara, wasu har su koma ƙasarsu suna kiran kansu masu magani. Tsohuwar ta ce samarin ƙauye da yawa yanzu waƙoƙin kawai suke haddacewa daga waya su tafi neman aiki a masaukan, ba wanda yake son yunwar. Haɗarin kuma ba ƙarami ba ne: wanda yake shan wasu magungunan ciwon damuwa na asibiti, ko mai ciwon zuciya, ko mai taɓin hankali a danginsa, abin shan nan yana iya yi masa mummunar illa. Mutanen yankin ba su manta da Olivia Arévalo ba, fitacciyar onanya mai shekara 81 da aka harbe a ƙofar gidanta a watan Afrilu na 2018, a wani ƙauye da ba shi da nisa da inda nake. Wani ɗan Kanada da ya zo koyon magani aka zarga, mutanen ƙauyen suka kashe shi a ranar, daga baya masu bincike suka tabbatar shi ne ya yi harbin. Duk lokacin da zancen ya taso sai murya ta yi ƙasa.

Ban koma gida da imanin cewa tsiro yana magana ba, kuma ba zan ce waƙa ta gyara wani zane a ƙirjin masunci ba. Abin da na shaida shi ne matarsa ta zo bayan kwana biyu da kifi a ƙwarya ta ce ya yi barci. Na kuma shaida ranar da aka kawo wani yaro jikinsa zafi rau, tsohuwar ta taɓa goshinsa ta duba idonsa, ta ce wannan na asibiti ne, a sa shi a peke-peke yanzu, har ta ba da kuɗin mai daga bakin zanenta.

Ranar da zan tafi saurayin ya rako ni bakin tafki ɗauke da jakata, yana tafiya a hankali saboda rashin ƙarfi. An gaya mini cewa ranar da sama ta cika, malami yakan sa wa almajiri ɗan gishiri a harshe, da lemun tsami da barkono, ya busa masa taba, shi ke nan an rufe. Da muka isa kwalekwale sai ya yi wa abokina magana yana sunkuyar da kai, abokina ya fashe da dariya ya ce wai yana tambaya ko akwai sauran garin nan mai ƙamshin gyaɗa, domin tun ranar da na buɗe kwalbar ƙamshin bai bar hancinsa ba. Na zuge jaka na fito da ita, saura kusan rabi. Bai karɓa da hannunsa ba. Ya kira wata ƙanwarsa ta kai wa kakarsu ta ajiye masa, saura kwana ashirin da ɗaya.